Shin Ko Kun San? Daga Motar Kara Zuwa Tankar Kwali

Shin ko kun san akwai manyan mutane, masu gemu da iyali, da ke sayen tankar yaƙi a cikin kwali? Ba ta harbi. Gutsattsarin roba ne, wani bai kai ƙwayar gero ba, sai mutum ya zauna ya yanke su ɗaya bayan ɗaya, ya goge baki, ya manna da gam, ya shafa fenti. Gwanayen har tsatsa da ƙurar hanya suke zana mata, don kada ta yi kama da sabuwa.

Ko kun san ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne 1/35? Wato kowace santimita 35 ta motar gaske ta koma santimita 1. Kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a Japan ne ya yaɗa shi tun daga 1961, da tankar Jamus mai suna Panther. Kuma ba wani dogon lissafi ya kawo shi ba: sun ƙera ta daidai yadda batura za su shiga cikinta, da aka auna sai aka ga 1/35.

Motar sulken nan ta Faransa mai ƙafa huɗu, Panhard AML-90, wadda sojojin Nijar suka yi aiki da ita, nauyinta tan 5.5 ne. A wannan ma'auni gangar jikinta ba ta wuce santimita 11 ba. Tafin hannu ya ishe ta.

To, ko kun san kwaikwayon kayan soja tsohon abu ne a ƙasar Kurfai ta Nijar? A 1925, a ƙauyen Shikal kusa da Filinge, aka fara borin Babule, wanda aka fi sani da Hauka, inda masu hawa ke faretin sojan Faransa suna sara wa juna. Nasara bai ji daɗi ba, ya kama su ya ɗaure. Abin ya bi 'yan ci-rani har Ankara ta Gana, inda fim ɗin Jean Rouch na 1955 ya nuna su riƙe da bindigogin katako.



Amma ni gwanina shi ne yaron da ke tsugune bayan girbi da sillen kara yana ƙera motar soja. Ya feƙe ɓawon ya zama ƙusa, totuwa ta zama ƙarfen jiki, sakaina ko tsohon silifa ya zama taya, gwangwanin tumatir ya hau sama a matsayin mazaunin bindiga. Ba takardar bayani, ba gam. Sau ɗaya ayarin soja ya gifta gabansa a hanyar Yamai, ya haddace.

Malaman firamare, ga darasin lissafi a ɓagas: ku ba yaran nan magwaji su auna mota, su raba da 35, su ƙera muku.