Rumfa Mai Rai: Tsirrai Masu Yaɗo da Zafin Runjin Sambo

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin bulo a Sakkwato cikin watan Afrilu ya san faɗuwar rana ba ita ce ƙarshen zafi ba. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi kan haura digiri 40, bangon yamma kuwa yakan sha ranar azahar da ta la'asar, siminti ya adana zafin, sai dare ya yi ya riƙa amayar da shi cikin ɗaki. A Runjin Sambo, unguwar da ake ratsawa a nufi mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, gidaje na ƙara matsuwa, tsakar gida da yawa an shafe ta da siminti, mai haya a bene kuwa baranda kaɗai gare shi. Dogon yaro na son fili da shekaru kafin ya ba da inuwa. Tsiro mai yaɗo kuwa rami guda ya ishe shi, cikin wata biyu zuwa uku ya lulluɓe rumfa.

Abin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Duma, wanda daga gare shi ake samun ƙwarya da gora da ludayi, asalinsa na Afirka ne, yana kuma cikin tsirran farko da ɗan'adam ya fara nomawa. Har yau a ƙauyukan bakin gulbin Rima, irin su Kwalkwalawa da Dundaye, ana ganin sa a kan danga da jinka. Haka soso, da garahuni mai ɗaci, da yaɗiya da ake dafawa a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Abin da ya rage shi ne a shigo da su birni bisa tsari.

Inuwar ganye ta fi ta kwano sanyi saboda dalilai biyu. Ganye na tare hasken rana kafin ya kai ga bango. Sannan ruwan da saiwa ta zuƙo yana fita ta ƙananan ƙofofin ganye a matsayin tururi, fitarsa kuma na tafiya da zafi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafowa. Kwano kuwa shi kansa yakan ɗau zafi ya sauke wa wanda ke ƙarƙashinsa.

Kowane tsiro da irin hawansa, kuma sanin haka ne ke nuna irin matokarin da za a yi masa. Masanin halittu na Ingila, Charles Darwin, ya wallafa bincike a kan wannan a 1865, inda ya nuna cewa kan tsiron yana juyawa a hankali cikin iska har ya ci karo da abin kamawa. Soso da duma da garahuni suna fitar da siraran zare. Da zarar zaren ya taɓa igiya sai ya nannaɗe ta, sauransa ya murɗe ya jawo reshen kusa. Irin waɗannan siririn abu suke so, igiyar rama ko ta kaba ko raga, don ba sa iya riƙe katako mai kauri. Yaɗiya da wake mai hawa jikinsu ne gaba ɗaya ke kewaye sanda, saboda haka tsayayyen kara ya fi musu. Bugambiliya, furen nan mai ƙaya ɗan asalin Barazil da ke leƙowa ta katangar gidaje, ba ta da zare, ba ta kuma naɗewa. Sai an ɗaure ta an nuna mata hanya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai dai akwai inda lissafi ke kuɓuce wa mutane. Ruwan Sakkwato, wanda yawanci bai wuce milimita 600 zuwa 700 a shekara ba, yana zuba ne tsakanin Yuni da Satumba. Soso da duma na damina ne: su yi kore shar a Agusta, lokacin da gari ke da gajimare, su bushe da shigowar hunturu. Bazara na zuwa, rumfa ta koma tsirara daidai lokacin da ake neman ta. Mafita biyu ce. Ta farko, a dasa masu daɗewa tun cikin Yuli, yaɗiya ko bugambiliya ko inabi, damina ta kafa musu saiwa kyauta. Yaɗiya ta fi kowa juriya, domin takan zauna kore cikin rani lokacin da ciyawa ta ƙone. Bugambiliya ma fari bai dame ta ba, hasali ma ta fi yin fure idan an rage mata ruwa. Inabi ne mai son hidima, sai ana yi masa aski yake fitar da sabon reshe da 'ya'ya. Ta biyu, a sake shuka soso a ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu, a riƙa ba shi ruwa. Tsananin zafi zai zubar da furanni da yawa, amma a wannan zagayen ganye ake nema.

Ƙasar jigawa ba ta riƙe ruwa, don haka a gauraya ta da tsohon takin tumaki ko na shanu wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki ƙona saiwa yake. A rufe gindin da ƙaiƙayi ko busasshen ganye. Mai baranda ya nemi jarka mai lita 25 ya yanke kanta, ko tsohuwar randa, ya huda ƙasan. Baƙar roba takan ɗau zafi har ta dafa saiwa, sai a naɗe ta da buhu. A bazara tsiron da ke cikin tukunya na son ruwa safe da yamma. Ga wanda ke sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa, ruwan alwala da na wanke shinkafa sun wadatar. Na wanki mai sabulun gari ne ba a so, gishirinsa na taruwa ya kashe ƙasa.

A bar kamar taƙi ɗaya ko biyu tsakanin raga da bango, iska ta riƙa ratsawa. In ginin ƙasa ne, a nisanta ramin daga tushe. Dirkokin rumfa su shiga ƙasa sosai, domin iskar farkon damina ba ta wasa da rumfar da ganye ya yi wa nauyi.

Sau da yawa za ka ji uwargida na cewa soson ta ya yi fure amma ya ƙi haihuwa. A yawancin dangin kabewa, ciki har da soso da duma, furen namiji daban, na mace daban, a jikin tsiro guda. Ana gane macen da ɗan ƙullutun da ke ƙarƙashin furenta, wanda shi ne zai zama ɗan. Furen soso rawaya ne, da safe yake buɗewa, ƙudan zuma ke yi masa barbara. Na duma fari ne, sai wajen magariba yake buɗewa, yana jiran ƙwarin dare. A bene, inda ƙwarin ba su cika zuwa ba, a tsinko furen namiji a goga tsakiyarsa a cikin na mace. Idan darɓa ta kama bayan ganye, a daka 'ya'yan dogon yaro, a jiƙa su kwana, a tace a fesa da yamma.

Masu gudun irin wannan rumfa saboda maciji da sauro na da hujja, amma laifin na ƙazanta ne. Sauro a kwantaccen ruwa yake ƙwai, don haka kada a bar ruwa a farantin da ke ƙarƙashin tukunya. Maciji kuma ɓera da tarkace ke jawo shi. A sassabe rassan ƙasa har gwiwa, a share gindi, a kuma datse abin da ya tsallaka gidan maƙwabci kafin ya jawo magana.

Sauran aikin na masu gini ne. Ranar da magini zai zuba siminti a tsakar gida, maigida ya ce masa ya bar rami biyu ko uku a gindin bangon yamma. Barin su a ranar ba ya cin ko kwabo, fasa su daga baya kuwa sai da guduma da kuɗin lebura.