Amanar da Mamaci Ya Bari: Gidauniyar Duke da Ikilisiyoyin Karkara

A darasin riƙon amana mukan tsaya a kan zakka da baiko, wato abin da mai bi yake bayarwa yana da rai, yana ganin inda kuɗinsa ya tafi. Ba mu cika taɓa ɗaya gefen ba, wato dukiyar da mutum ya keɓe domin ta ci gaba da aiki bayan ƙasa ta rufe idonsa. Mai Hadishi ya koka a kan wannan a sura 2, aya 18 da 19: mutum zai sha wahala ya tara, ya bar wa na bayansa, bai kuwa san ko mai hikima ne ko wawa zai gaje shi ba. Maƙwabtanmu Musulmi sun daɗe da tsarin wakafi saboda wannan damuwa. Mu kuwa, sau da yawa maganar takan tsaya a fatar baki: "Ai Baba ya ce gonar nan ta ikilisiya ce." A nan za mu duba wata gidauniya ta ƙasar Amurka wadda ta cika shekara ɗari tana aiki da wasiyyar mutum ɗaya, mu ga abin da ya riƙe ta.

An haifi James Buchanan Duke a 1856 kusa da garin Durham, a jihar Karolina ta Arewa. Mahaifinsa, Washington Duke, manomi ne, ɗan ikilisiyar Metodis, wanda ya shiga sana'ar taba bayan yaƙin basasar Amurka. James ne ya rungumi injin naɗa sigari tun sauran 'yan kasuwa suna ɗari-ɗari da shi. A 1890 ya haɗa manyan kamfanonin sigari ya kafa American Tobacco Company, wanda ya mamaye kasuwa har Kotun Ƙoli ta ba da umurni a wargaza shi a 1911. Kafin nan ya riga ya fara zuba kuɗi a madatsun ruwa domin samar da wutar lantarki a jihohin Karolina biyu, ta Arewa da ta Kudu. Ran 11 ga Disamba 1924 ya sa hannu a takardar da ta kafa Gidauniyar Duke da dala miliyan 40. Bai cika shekara ba ya rasu, a watan Oktoba 1925, wasiyyarsa kuma ta ƙara wa gidauniyar kimanin dala miliyan 67.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda ya rubuta takardar. Bai ce a taimaki talakawa ya yi shiru ba. Ya ja iyaka: jihohin nan biyu kaɗai, inda ruwan da yake juya injinansa yake gudu, inda kuma masu biyan kuɗin wutarsa suke zaune. Sa'an nan ya yanka rabo kamar mahauci. Da fari a riƙa ajiye kashi 20 cikin ɗari na riba ana mayarwa cikin uwar kuɗi, har ta ƙaru da wata dala miliyan 40. Abin da ya ragu, kashi 32 na Kwalejin Trinity ne, wadda ta zama Jami'ar Duke, kashi 32 na asibitoci, kashi 10 na marayu. Kwalejin Davidson da Jami'ar Furman kashi biyar-biyar, Jami'ar Johnson C. Smith, ta baƙaƙen fata, kashi huɗu. Waɗannan uku na ƙarshe ba na ɗariƙarsa ba ne, a lokacin biyu na Presbiteriyan ne, ɗaya na Baptis. Ga asibitoci ma ya faɗi ma'auni: har dala ɗaya a kowace rana a kan kowane gadon da aka kwantar da marar lafiyan da ba ya iya biya.

Sauran kashi 12 ya ba ikilisiyar Metodis ta Karolina ta Arewa, nan ne ya kamata mai hidima ya kasa kunne. Kashi shida na gina majami'u a karkara, kashi huɗu na tafiyar da su, kashi biyu na fastocin da suka tsufa suka ajiye aiki, da gwaurayen fastoci da marayunsu. Ya ma fayyace abin da yake nufi da karkara: ban da duk garin da mutanensa suka wuce 1,500 bisa ga ƙidaya. Duke ya tashi yana ganin masu wa'azin nan da suke zagaya ƙauyuka a kan doki, ya san yadda suke ƙarewa in ƙarfi ya tafi. Tun kafin 1924 ya saba aika musu da kuɗi lokacin Kirsimeti. Duk wanda a cikinmu ya taɓa zuwa gaida tsohon mai bishara a ɗakin haya, bayan shekara arba'in a bakin aiki, ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan kashi biyun.

Ya sa dukiyar a hannun amintattu goma sha biyar, su ne kuma suke zaɓen wanda zai maye gurbin wanda ya fita. Har yau sukan karanta takardar da babbar murya sau ɗaya a shekara, daga farko har ƙarshe. A ganinmu wannan ba al'adar banza ba ce. Mun san yadda Musa ya umurta a riƙa karanta Shari'a a kunnen jama'a a ƙarshen kowace shekara bakwai, kamar yadda yake a Maimaitawar Shari'a 31. Takardar da take kulle a akwati, wadda ma'aji kaɗai ya san abin da ke ciki, ba ta tsare kowa.

Amma rubutu, kome kyansa, na zamaninsa ne. A 1924 gidajen marayu ne hanyar da aka sani ta kula da yaron da ba shi da kowa. Da tafiya ta yi tafiya, sai yawancin yaran da suke bukatar taimako suka zama masu iyaye da rai, gidajensu ne suka lalace. Amintattun ba su ce tun da Duke marayu ya ambata, sauran ba ruwansu ba. Suka karkata kuɗin zuwa renon yara a hannun iyalai, da taimakon iyaye tun kafin gida ya watse. Haka ma wajen ikilisiya. Ɗariƙar da ya ambata ta haɗu da wasu a 1939, ta sāke haɗuwa a 1968 ta ɗauki sabon suna, gidauniyar ta bi ta. A 2007 ta ba makarantar tauhidi ta Jami'ar Duke dala miliyan 12 domin bincike da kula da lafiyar fastoci. Duke bai san irin wannan aiki ba, amma wa zai ce ya saɓa wa niyyar mutumin da ya damu da masu wa'azin da aiki ya cinye?

Inda takardar ta ɗaure su tamau, ba su kwance da kansu ba. Duke ya taƙaita inda za a zuba uwar kuɗin, galibi a kamfaninsa na lantarki da takardun bashin gwamnati. Da amintattun suka ga haɗarin ɗora kaya duka a kan jaki ɗaya, sai suka je kotu. A 1963 kotu ta hana su. Suka haƙura, sai bayan kimanin shekara goma aka ba su izini. Wannan haƙurin ya fi kuɗin burge mu. Aikin amintacce shi ne ya rarrabe niyyar mai bayarwa da hanyar da ya zaɓa a zamaninsa. Hanya tana iya sākewa, amma ba a ɓoye ba, ba kuma da ra'ayin mutum ɗaya ba. Bulus ma, da zai kai gudummawa Urushalima, bai yarda ya ɗauka shi kaɗai ba. A 2 Korintiyawa 8 ya aiki Titus tare da 'yan'uwan da ikilisiyoyi suka yarda da su, don kada a sami abin zargi.

Akwai tambayar da wani ɗalibi yakan ɗaga hannu ya yi a duk lokacin da muka kawo wannan labari: kuɗin taba fa? Tambaya ce mai kyau, ba kuwa za mu share ta ba. Gaskiya ne mafi yawan abin da aka kafa gidauniyar da shi hannun jarin lantarki ne, gaskiya ne kuma sai a 1964 babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da rahoton da ya danganta sigari da ciwon daji na huhu. Duk da haka da ribar taba aka gina madatsun, hanyar da Duke ya bi ya murƙushe abokan kasuwancinsa kuma kotu ce da kanta ta ce ta saɓa wa doka. Tun a lokacin wasu sun yi zargin cewa ɗaura ribar kamfanin lantarki da asibitoci da majami'u dabara ce ta sa hukuma ta ji nauyin taɓa kamfanin. Ba mu da ikon duba zuciyarsa. Abin da za mu iya cewa shi ne, asibitin da aka gina bai wanke hanyar da aka sami kuɗin ba, hanyar kuma ba ta mai da jinyar da talaka ya samu ta zama ƙarya ba. Fasto da ya karɓi irin wannan kyauta sai ya tambayi kansa ko bakinsa zai iya buɗewa gobe a kan zunubin da ya shafi mai kyautar ko 'ya'yansa. In ba zai iya ba, kyautar ta yi tsada.

Ba lalle ne wani a cikinmu ya ga dala miliyan 40 ba. Amma wata rana dattijo zai kira ka bakin gadonsa ya ce shagunansa uku na bakin kasuwa na marayun ikilisiya ne. Kada ka ce "Allah ya sāka" ka tashi. Ka roƙe shi ya kira matarsa da 'ya'yansa su ji da kunnensu, a kuma kira lauya a rubuta. Ka tambaye shi marayun wace ikilisiya, ta garin nan kaɗai ko ta gunduma duka, kuɗin makaranta ne ko har da abinci da magani, me za a yi in gwamnati ta rushe kasuwar, wa zai zaɓi sabon amintacce in ɗaya ya rasu. A sa ranar da za a riƙa karanta takardar da lissafin kuɗin a gaban jama'a kowace shekara. In kuma ya ce kai kaɗai ya yarda da kai, ka gode masa, ka ce a ƙara mutum biyu, ɗaya daga cikin iyalinsa, domin kai ana iya yi maka canjin wurin aiki baɗi.