Yaro mai ciwon ƙashin baya: mu koya masa ya kula da kansa

Ƴan uwa mata, a zaman asusu mun saba maganar zubi da rance da riba. Yau maganarmu a kan yaran da ake haifa da ƙullutu ko buɗaɗɗen wuri a gadon baya, abin da likitoci ke kira sipina bifida. Ba aikin iskoki ba ne, ba kuma laifin uwa ba ne. Yana faruwa cikin kwana 28 na farkon ciki, tun mace ba ta san ta samu ba, idan ƙashin baya bai rufe laka yadda ya kamata ba.

Ko an yi wa jariri aiki a babban asibitin Damagaram ko a Yamai, sauran aikin a gida yake. Da yawa cikin yaran nan ƙafafunsu ba sa jin zafi, ba sa iya riƙe fitsari da bayan gida. To, uwa don tausayi sai ta ɗauke komai: ita ce wanka, ita ce tsarki, ita ce sa riga. Yarinya ta kai shekara 15 ba ta taɓa duba ƙafarta da kanta ba. Ran da uwa ta kwanta ciwo ko ta tafi biki Magarya, wa zai yi?

Akwai abu na biyu da ya kamata mu gane. Yawancin yaran nan suna da taruwar ruwa a kai, kuma wannan kan taɓa tunawa da tsara aiki. Yaro na da baki, yana da wayo, amma a ce masa ya yi abu uku, sai ya yi ɗaya ya manta biyu. Mu kuma sai mu ce taurin kai ne, a hau shi da faɗa. Faɗa ba ya gyara mantuwa.

Abin da ke taimako shi ne a raba aikin ƙanana-ƙanana. Yau ki yi yana kallo, gobe ku yi tare, jibi ya yi kina tsaye. Kada a ƙara sabo sai na farko ya zauna. A ɗaura kowane aiki a kan lokacin da ya sani: idan likita ya koya masa fitar da fitsari da siririyar roba, kiran salla agogo ne da kowa ke ji, likitan ya faɗi sau nawa. Wanke hannu da sabulu kafin nan dole ne, domin ciwon mafitsara yana iya kaiwa ga ƙoda.

Kowane dare ya duba tafin ƙafa, ya sa madubi ya duba mazaunai. Rairayin bazara a nan Dogo-Dogo yana ƙona shi bai ji ba, haka garwashi da ƙaya, don haka ban da fita ba takalmi. Gyambo, zazzaɓi, fitsari mai wari, ko ciwon kai da amai, a nufi likita ran nan, kada a jira ranar kasuwa.

Mu ƴan asusu muna da namu kason. Tsarin Mata Masu Dubara da aka faro a jihar Maradi a 1991 ya zo da asusun taimako ban da na rance. Daga ciki ana iya fidda kuɗin sabulu, takalmi, madubi da kuɗin mota. Mu riƙa karɓar uwar yaron, ta samu ta huta, mu kuma tsaya a sa yaron makaranta.

Ga ƴaƴanmu da ke shirin aure da masu neman haihuwa: sinadarin asid folik, wanda ke cikin maganin ƙarin jini da ake bayarwa wurin awo, yana rage wannan ciwo idan an fara sha tun kafin ciki. Ku tambaya a likita.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiya lafiya.