Horar da Masu Bincike Kan Neman Yardar Jama'a: Misali Daga Illela

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a jawo hankalin malaman jami'o'i da kwalejojin ilimi ga wani gurbi da ake bari wajen horar da ɗalibai masu bincike. Mukan koya musu tsara tambayoyi da ƙididdigar amsoshi, amma ba kasafai mukan koya musu yadda za su tsaya gaban manomi ko matar aure su bayyana abin da ya kawo su da Hausar da za a fahimta ba. Alhali kuwa yardar da aka bayar cikin duhun kai ba yarda ba ce, ko da an dangwala babban yatsa a takarda.

Darasin Kano

A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Kano, a kan yara kimanin 200, waɗanda rabinsu aka ba su sabon maganin, rabi kuma aka ba su wanda aka saba da shi. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka yi ƙara cewa ba a fayyace musu gwaji ake yi ba, kamfanin kuwa ya musanta laifi, har aka sasanta da gwamnatin Jihar Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, wannan magana tana cikin abubuwan da jama'a suka riƙa kafa hujja da su. Ka'idar Helsinki ta 1964 da ƙa'idar binciken lafiya ta Nijeriya ta 2007 duk sun wajabta neman yarda bayan cikakken bayani. Sai dai ƙa'ida ba ta magana da kanta, bakin mai bincike ne yake isar da ita.

Abin da Illela ke Koyarwa

Illela gari ne na kan iyaka, yana fuskantar Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar. Ranar Lahadi kasuwarta takan haɗa Hausawan ƙasashen biyu da Fulani da Buzaye da Zabarmawa. Ɗalibi yakan ɗauka tunda kusan kowa yana jin Hausa, aikinsa ya yi sauƙi. A nan kuskuren yake farawa.

Da farko, ita kanta kalmar bincike. A jami'a ma'anarta neman ilimi, amma a bakin iyaka bincike shi ne abin da jami'in kwastan yake yi wa kaya. Wanda ya ce wa falke, "Na zo bincike," ya rufe wa kansa ƙofa tun kafin ya zauna. Ya fi kyau ya ce, "Ni ɗalibi ne, na zo neman sani a wurinku."

Na biyu, lissafin kuɗi. Mutumin Ƙonni yana ƙirga sefa da dala, watau faran biyar-biyar, saboda haka idan ya ce ashirin, faran 100 yake nufi, jaka kuwa faran 1,000 ce a wurinsa, alhali a tsohon lissafin Nijeriya jaka naira 200 ce. Haka nan idan ya ce ya tafi likita, asibiti yake nufi. Mai binciken da bai san wannan ba zai cika takardarsa da alƙaluma masu kyan gani waɗanda ba su da tushe.

Na uku, kunya. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, sau da yawa kuma ba ta ambaton ɗan farinta, har ma takan tsallake shi idan ana ƙirga 'ya'ya. Namiji baƙo kuma ba ya shiga gidan kulle. Abin lura ne cewa Mary Smith ta sami tarihin Baba ta Karo, wanda aka buga a 1954, saboda ita mace ce mai jin Hausa, ta zauna da ita makonni, ba don ta zo da jerin tambayoyi ba.

Shawarwari

Saboda haka ina ba da shawara a shigar da abubuwa huɗu cikin horon. Na ɗaya, kowane ɗalibi ya rubuta bayanin aikinsa da Hausa tun farko, ba fassara daga Turanci ba, ya karanta wa wanda bai yi boko ba, sannan ya nemi ya maimaita masa abin da ya ji. Inda aka sami saɓani, laifin bayanin ne, a sake shi. Na biyu, bayanin ya ƙunshi ko wane ne mai tambaya, da abin da za a yi da amsar, da cewa gwaji ne idan gwaji ne, da cewa mutum yana iya ƙi ko ya janye ba tare da ya rasa komai ba. Na uku, a bi ta hannun uban ƙasa da masu unguwanni da limamai, domin sai da ɗan gari akan ci gari, amma ɗalibi ya sani iznin basarake na shiga gari ne kawai, bai maye gurbin yardar mutum shi kansa ba, haka ma iznin maigida bai maye gurbin yardar matarsa ba. Na huɗu, a horar da mata masu bincike da tafintocin Fulatanci da Buzanci tare da sauran ɗalibai a aji ɗaya.

Kammalawa

Mutanen da muke yi wa tambaya ba bashinmu suka ci ba, alheri suke yi mana. Idan ɗalibi ɗaya ya yaudare su, ko da bisa rashin sani ne, wanda zai zo bayansa da maganin gaskiya shi zai tarar da ƙofa a rufe, kamar yadda Kano ta gani a 2003. Allah ya sa mu gyara.