Darasin Jikin Ɗan Adam a Gidan Tarihin Jiragen Yaƙi

Duk wanda Allah ya kai shi birnin Landan, yana da kyau ya leƙa gidan tarihin Rundunar Sojan Sama ta Birtaniya da ke unguwar Hendon, wanda aka buɗe a shekarar 1972. Akasarin maziyarta girman jirage da bindigoginsu ne ke ɗauke musu hankali. Amma ga ɗalibin kimiyyar halittu, babban darasi yana jikin kayan da matuƙa ke sanyawa, domin an yi kowane ɗaya ne saboda wani rauni na jikin ɗan Adam.

A ɗauki misalin takunkumin shaƙar iska. A can sama ma oksijin kashi 21 ne cikin 100 na iska, kamar yadda yake a ƙasa, sai dai matsin iskar yana raguwa. A tsayin mita 5,500 ya koma kusan rabin na bakin teku, don haka oksijin da ke ratsa huhu zuwa jini ba ya isa. Haɗarin shi ne, tunanin mutum yana dushewa alhali shi yana jin garau yake. A gidan akwai wani jirgi ƙirar Lancaster da ya fita kai hari sau 137 a Yaƙin Duniya na Biyu. Irinsa kan tashi kimanin mita 6,000, inda takunkumin ya zama tilas ga duk wanda ke ciki.

Haka kuma rigar matsi. Idan ƙaramin jirgi irin Spitfire ya yi kwana da gudu, nauyin jikin matuƙi kan ninka sau huɗu ko biyar. Jini sai ya gangara ƙafafu, zuciya ta kasa tura shi zuwa ƙwaƙwalwa, gani ya ɗauke, daga nan sai suma. A farkon shekarun 1940 wani likita ɗan Kanada, Wilbur Franks, ya ƙirƙiro riga mai ɗauke da ruwa wadda ke matse ƙafafu da ciki don hana jinin taruwa. Rigunan da suka biyo bayanta da iska suke aiki.

Saboda haka, malamin da ya samu wannan dama ya ɗauko hotunan waɗannan kaya. Za su taimaka ƙwarai wajen koyar da numfashi da zagayawar jini a aji.