Kunyar Ɗan Fari a Al'adar Bahaushe

Daga cikin halayen da Bahaushe yake auna mutum da su, da wuya a sami wanda baƙo ya fi yi wa gurguwar fahimta kamar kunya. A. H. M. Kirk-Greene, a laccarsa kan mutumin kirki wadda aka buga a 1974, ya lasafta halaye 10, ya sa kunya a jerin gaskiya da amana da haƙuri. Kunyar da ake nufi a nan ta bambanta da ta wanda aka kama da laifi. Ita wannan kamewa ce, watau mutum ya danne abin da ke ransa saboda girman wani ko kusancinsa.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne tsakanin iyaye da ɗan fari. A bisa al'ada uwa ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an yabe shi sai ta kau da kai kamar ba da ita ake ba. Uba ma haka. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta aka buga a 1954, ta bayyana wannan ɗabi'a kamar yadda ta gan ta a ƙasar Zazzau. Wanda bai san dawan garin ba sai ya ce ƙi ne, alhali uwar tana iya kwana ba ta runtsa ba in yaron ya yi zazzaɓi.

Amfanin wannan kawaici a zaman gandu yake bayyana. Da uwa ta janye hannunta, sai a sami wurin da kaka da gwaggo da kishiyar uwa za su shigo. Sau da yawa da an yaye ɗan fari sai a kai shi riƙo gidan kakanninsa, waɗanda su babu shamaki tsakaninsu da jika, har kaka takan tsokane shi da cewa mijinta ne. Ta haka yaro kan tashi ya zama na dangi duka, in mutuwa ko saki ya gitta ba ya rasa mai ɗaukarsa. Kazalika yaron da aka yi wa kakansa takwara da shi akan sakaya sunansa, a ce Abba ko Baba ko Babangida, mace kuwa Ummi ko Inna, domin bakin iyaye ba zai iya furta sunan mahaifansu ba.

Sai dai al'adar tana da nata ciwon. Kunyar da ke hana uwa rungumar ɗanta ita ce kan hana yarinya mai cikin fari faɗin cewa naƙuda ta taso. Sai ta yi ta cije baki a ɗaki, har lokacin zuwa asibiti ya ƙure. Doguwar naƙuda kuwa ita ce babban dalilin yoyon fitsari, wani lokaci ma a rasa uwa ko jariri. Wannan shiru bai girmama kowa ba, kuma laifin ya fi rataya a wuyan manyan da suka koya mata cewa kuka abin gori ne.

A birane gandu ya ja baya, ma'aurata da yawa suna zaune su kaɗai, ba kakar da za a miƙa wa yaro, don haka uwa takan kira ɗan farinta da sunansa ta kuma goya shi zuwa unguwa. Sunayen sakayawa dai suna nan, ana ta kiran yara Abba da Ummi ko a gidajen da aka daina sauran alkunyar.