Tsaron Rajistar Da Ake Aiki Da Ita Tare

Yanzu malami a Sabon Garin Wudil da ɗan'uwansa a birnin Kano suna iya rubutu cikin rajista guda ta kwamfuta. Amma ba a ajiye ta wuri ɗaya, gama wuta takan ɗauke, kogi yakan yi ambaliya. Akan yi mata rumbu biyu nesa da juna, kowane rubutu ya shiga duka biyun; in ɗaya ya tsaya, ɗayan ya karɓi aiki nan take. Haka kamfanin gwamnati, Galaxy Backbone, ya ƙara rumbu a Kano cikin 2023, ban da na Abuja.

Kowane malami kuwa da mabuɗinsa na sirri, gwargwadon matsayinsa. Lalle hakimai su hana aronsa, domin in an ɓata lissafi, mai mabuɗin za a tuhuma.